Rakiyar Malam Sahabi

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam Sahabi, kuma har yau idan jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya tsaya a tashar da ke kusa da unguwar Morris Heights a New York, sai na leƙa titin ƙasa ta taga.

Shi Badamagare ne, ni Bakano, don haka tun ranar da muka haɗu a teburinsa na turare da huluna a Fordham Road ba mu daina tsokanar juna ba. Na zauna a Kumasi, na yi aiki a Jidda, na sha sanyin Faransa, amma ban ga mai riƙo da rakiya irinsa ba. A zangon Kumasi mai gida yakan kai ka bakin titi. Bafaranshe iyakarsa ƙofar ɗaki. Mutumin New York kuwa kana ɗaure takalmi yana laluben sakata. Sahabi sai ya sauko da kai daga bene, ya taka maka har gindin matakalar jirgi, mai hawa zuwa tashar da ke saman titi, ko da ƙanƙara ake zubawa.

Sai ciwon nan mai kashe jijiyoyi ya same shi. Ya ɗauke ƙafafu, ya ɗauke hannaye, daga baya ya ɗauke murya. Idanu da hankali kawai ya bar masa. A nan ne Sahabi ya nuna wa matarsa, Hajiya Rabi, cewa kada a ƙara shigo masa da masu dubiya.

Mu 'yan masallaci muka yanke cewa kunyar jikinsa yake ji. Muka dinga aika abinci da addu'a, muka janye ƙafa, muna ganin mun kyauta masa. Hajiya ce ta warware mini wata rana a bakin ƙofa. Ta ce, "Alhaji, ba jikinsa yake ɓoyewa ba. Duk baƙon da ya tashi ya ja ƙofa da hannunsa, Malam ba ya cin abinci ranar." Mutumin da bai iya raka baƙo ba, a ganinsa, ya tashi daga mai gida ya koma kayan ɗaki.

'Yarsa Nana, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Turanci, ita ta bi asibiti har aka ba shi wani keken guragu na lantarki mai allo a gaban fuska. Akwai 'yar na'ura a jikin allon da ke bin ƙwayar ido. In ya kalli harafi ta rubuta, in ya kalli kibiya keken ya tafi. Nana ta kuma tattara tsofaffin saƙonnin muryar da ya taɓa aika wa mutane ta waya, ta yanyanka su, ta zuba a ciki. Ya daɗe yana koyo, ya fasa tukunyar fure, ya kankare bango.

Ranar da aka kira ni, ina yin sallama na ji muryarsa ta da, wadda na riga na fid da rai da ita: "Bakano, ka zo da yunwarka?" Sai da na dafa bango.

Da na miƙe zan tafi, ya kalli allo. "Bari in taka maka." Ya kalli wani wuri, ƙofar gida ta buɗe da kanta. Muka sauka ta na'urar hawa bene, muka bi titi, yana gaba ina gefe, masu shaguna suna fitowa suna kabbara. A gindin matakalar jirgi na juya da niyyar mayar da shi gida, domin motocin unguwar ba sa jiran kowa. Ya daɗe yana harhaɗa haruffa. Wannan maganar babu ita a tsofaffin saƙonni, saboda haka muryar na'urar ce ta faɗe ta, da Hausarta ta Bature: "Hau jirginka. Ni ne mai gida."

Na hau sama. Jirgi ya zo, na bar shi ya wuce. Daga can na ga Sahabi ya tsaya wa jar wuta, ta ba shi hannu, ya tsallaka, ya sha kwana shi kaɗai. Na ga manyan gadoji da jiragen ruwa masu kama da gari, amma ban taɓa ganin aikin ɗan Adam da ya sa ni tasbihi kamar wannan ba: ƙwayar ido tana tuƙa mutum zuwa gidansa.

Yanzu an ce akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum su faɗi duk abin da ya rubuta. Da yana nan, na san zai yi murna, don zai zolaye ni da muryarsa ba da ta Bature ba. Amma na tabbata tambayarsa ta farko ita ce ko abin yana kai mutum tasha.

Keken an ba wani mai bukata. Teburin Fordham Road wani ne a kai. A makon jiya, bayan mun yi masa addu'a a gidan, Nana ta ɗauki rigar sanyinta ta biyo ni. A ƙofar bene na ce, "Koma haka nan, 'yata, akwai sanyi." Ta ce da ni, da Hausa, "Sai gindin matakala, Baba."