Mai Cokali, Wadda Ta Hana Yaran Unguwa Mutuwa da Ƙishi

Haihuwarta

An haifi marigayiya, wadda aka fi sani da Mai Cokali, a shekarar 1957, a wani gidan haya da ke bayan tashar motar garinsu. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta mai kitso, kuma ita ce ta biyu cikin 'ya'yansu bakwai, waɗanda gudawa ta ɗauke uku daga cikinsu tun ba su fara tafiya ba. A wancan zamani ba a lissafa wannan cikin cututtuka, cewa ake yi haƙori ne.

Karatu da Sana'a

Ta shiga firamare a 1964, ta tsaya a aji biyar saboda larurar gida, sannan ta koyi ɗinki a hannun gwaggonta, wadda ta shaide ta da haƙuri da matsananciyar kunya, har ta kai ba ta iya cin abinci a gaban baƙo.

Aure da Rashin Ɗan Fari

A 1975 aka ɗaura mata aure da wani mai gyaran agogo, shekara na zagayowa Allah Ya azurta su da ɗa namiji. Yana ɗan wata tara gudawa ta kama shi, sai manyan matan gidan, bisa kyakkyawar niyya, suka yanke hukuncin a janye masa nono da ruwa domin cikin ya tsaya. Subhanallahi! Yaro yana miƙa hannu wajen randa ana kawar da shi, uwarsa tana kallo, nauyin manya ya ɗaure mata baki. Ya rasu idanunsa sun faɗa, leɓensa a bushe.

Zamanin Cokali

A 1986 autarta ta kamu da irin wannan ciwo, ta garzaya da ita asibiti. A can wata malamar jinya ta koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, ta kuma bayyana mata cewa ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro mai gudawa. Waɗanda ke wurin sun ce marigayiya sulalewa ta yi ta zauna a ƙasa, domin a ranar ta san abin da ya kashe ɗanta.

Tun daga nan ta ɗaure ƙaramin cokali a gefen mayafinta. Da ta ji labarin yaro mai gudawa sai ta bar keken ɗinki ta nufi gidan, ko an kira ta ko ba a kira ta ba. Ta koya wa iyaye mata wanke hannu da sabulu, da rufe randa, da tafasa ruwan haɗin, da ci gaba da ba da nono, da gaggauta zuwa asibiti idan an ga jini ko idanu sun faɗa. Sai dai babban karatunta guda ne, wanda matan unguwa suka haddace har suna kwaikwayon muryarta don tsokana:

“Haɗawa ai ko wawa ya iya. Kada ki ajiye masa kofi ki tafi, 'yar nan. Zauna! Cokali-cokali, in ya tofar ki sake, sai kin ga ya haɗiye da idonki.”

Ƙarshen Rayuwarta

Mijinta ya rasu a 2015. A 2021 ciwon gwiwa ya tilasta mata komawa wurin babbar 'yarta, a wani gidan bene mai banɗaki ɗaya, wanda ƙofarsa ke kallon falon da surukinta yake zama. A watan Afrilun 2023 gudawa ta kama ta. 'Ya'yanta mata suka haɗa ruwan daidai yadda ta koya musu, suna kai mata a kofi su durƙusa su miƙa, takan ce, “Ajiye nan, zan sha,” su kuwa sai su fita, don wa zai tsaya a kan mahaifiyarsa kamar wata jaririya? Duk dawowarsu kofin babu komai, suna ta hamdala.

Ashe ba ta sha! Kunyar yawan giftawa ta gaban suruki ce ta sa ta janye wa kanta ruwa don cikin ya tsaya, wato ainihin hukuncin da ta yi shekara talatin da bakwai tana yaƙa. Sai da ta daina gane mutane aka kai ta asibiti, likita ya ce ruwan jikinta ya ƙare, ƙoda ta riga ta taɓu. Babbar 'yar ta koma gida ɗauko mata kaya, ta tarar da bokiti a ƙarƙashin gado, cike da ruwan da suke kai mata. Wallahi har yau wanda duk ya ji wannan sai ya riƙe baki.

Rasuwarta

Ta rasu ranar wata Talata a cikin wannan wata, tana da shekara sittin da shida. Aka yi mata sutura bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar da aka binne ɗan farinta. Cikin waɗanda suka ɗauki makararta akwai magidanta da dama da ta taɓa ɗura wa ruwa suna jarirai. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Ta bar 'ya'ya huɗu: babbar malamar makaranta ce, mai bi mata makanike, sai tela, wadda ta gaji kekenta, da auta, ungozoma. Dukkansu sun san cokalin nan tun suna ƙanana. Da aka zo kwashe kayanta, an same shi a ɗaure a gefen mayafinta da ke rataye a kan gadon, duk tsawon jinyarta babu wanda ya kwance shi.