Mutumin da ya yanke mini wuta sau huɗu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Ilyasu mai tsani ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina zaune ƙofar gida da kofin shayi a hannu. Wani mai kabu-kabu ne ya tsaya ya faɗa mini, ko inji bai kashe ba. Wai bayan sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa.

In ba a Akokan kake ba, ba lalle ka san shi ba. Ma'aikacin kamfanin wuta ne. Shi ake miƙa wa takardar sunayen waɗanda ba su biya ba, ya ɗaure tsani a moto, wato babur ɗinsa, ya bi gida-gida yana yankewa. Mutumin Tawa ne, dogo, siriri, kullum cikin shuɗiyar rigar aiki da rana ta cinye.

Ni sau huɗu ya yanke mini wuta, kuma ba ni da aboki kamarsa a garin nan.

Bari in fara da abin da nake jin kunyarsa. Da aka ce ya rasu, kafin bakina ya kai ga salati, hankalina ya riga ya tafi kan firigo. Allurar ciwon sukarin matata Hajiya Hajara tana ciki don kada zafi ya ɓata ta, kuma sunana yana kan takardar yanka ta wannan satin. Allah ya yafe mini, abin da na fara tunawa ke nan.

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina aiki a ƙarƙashin ƙasa, har na zama shef, shugaban leburori. Duk tsawon lokacin a gidajen kamfanin ma'adinai muke, wuta kyauta, ruwa kyauta. Kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya wuni ya kwana yana aiki. Fitilar tsakar gida ba na jin akwai wanda ya san inda makunninta yake. 'Ya'yanmu sun girma ba su taɓa jin an ce musu su kashe wuta ba. Da aka rufe rami aka sallame mu, muka kama haya a cikin gari, muka tare da kayanmu da halinmu.

Faktir ta farko da aka kawo, wato takardar kuɗin wuta, ninke ta na yi na sa cikin tsofaffin takardun albashi. Wallahi ba raini ba ne. Na saba duk takardar da ta shigo gida, akwai wani a biro, wato ofis, da zai ji da ita. Ta biyu ma can ta bi.

Sai ga Malam Ilyasu. Bai zo da tsani ba, sallama ya yi ya nemi ruwan sha. Ya ja ni gaban kontar da ke jikin bango, mai ƙirga wutar da aka sha, ya ce in zuba wa lambobin ido, sannan ya sa aka kunna kilim. Na ga lambobi sun kama gudu.

Ya ce, "Shef, kuɗinka ne ka ke kallo suna tahiya."

Ina da furfura a gemu ranar aka koya mini karatun kontar, kamar ɗan lekwal a ajin farko.

Haka aikinsa yake, zuwa biyu yake yi wa kowane gida. Na farko na gaisuwa ne, kuma tambayarsa ɗaya ce: me ke cikin firigo? In ruwan sanyi ne kawai, ya gyaɗa kai. In ƙanƙarar sayarwa ce, ya tambayi ƙarfe nawa ake kwashewa, don kada ya zo ya narkar wa mata da jari. In magani ne, sai ya ciro takardarsa ya yi wata 'yar alama.

Ba ya yanka ranar Juma'a. Ya ce biro zai rufe sai Litinin, ko ka samo kuɗin ba inda za ka kai, sai ka gasu kwana biyu da yara a banza.

Na taɓa tambayarsa alamar nan ta mece ce. Ya ce, "Takarda ta hwaɗi wa za a yanke ma. Ba ta hwaɗi da wa za a hwara ba." Masu shaguna da masu kuɗin da suka manta, su yake fara zuwa. Masu magani a firigo suna can ƙasa, kafin ya iso kansu an ci kwana uku ko huɗu, wataƙila wani ɗa ya aiko da wani abu. Ya ce tun lokacin tawaye ya koyi haka, sa'ad da hanyar Agadas ta zama sai da rakiyar soja, kaya suka daina shigowa, magidanta da yawa suka maƙale a hanya aka bar mata da faktir.

Kada ku ɗauka labarin waliyyi nake ba ku. In ya iso kanka, zai yanke. Ba ya ɓoye suna, ba ya yi wa kamfani ƙarya. Na taɓa dunƙula masa kuɗi jika biyu a hannu, ya ajiye mini a kan benci, ya yi sati biyu in mun haɗu sai dai ya ɗaga hannu daga nesa.

Ranar da ya fara yanke mini, na ci masa mutunci a gaban maƙwabta. Ba abin da ban faɗa ba, har na ce masa mu muka haƙo arzikin da ake biyansa albashi da shi. Yana kan tsani yana ta aikinsa. Da ya sauko ya naɗe igiyarsa, sai ya ce a ba shi allurar Hajiya. Firigon gidansa ya kai ta. Kwana tara yana kawo ta kowace safiya, naɗe da ƙanƙara cikin tsumma, ya jira a yi, ya mayar. Bai taɓa tuna mini abin da na ce ba, ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri da baki ba. Shayi kawai na riƙa dafa masa.

Akwai abu ɗaya da muka yi shekara biyu muna ja a kai. Kamfani yana da hanya ga wanda ya gaza: ka je biro, ka bayyana halinka, ka ba da ɗan abin da kake da shi, ka sa hannu a raba maka sauran wata-wata. In ka yi haka ana cire sunanka daga takardar yanka. Duk zuwan da zai yi sai ya ce in je.

Na ƙi.

Wadda ke zaune a tagar biron 'yar wani lebura ce da ya yi aiki a ƙarƙashina. A layin kuma rabinsu mutanen da suke ce mini shef ne. Na ga ba zan iya tsayawa a bayansu in buɗe baki in ce ba ni da shi ba. Na gwammace in jira ɗana da ke tuƙin babbar mota ya aiko, in je in biya gaba ɗaya kamar mai hali. Wani lokaci kuɗin ya zo kafin tsani, wani lokaci tsani ya riga shi.

Bana abin ya fi kowane lokaci. Fari ya kashe wa dangin Hajara dabbobi a daji, mutum bakwai suka sauka a gidanmu. Kilim tuni na sayar. Fanka biyu ne da firigo, amma faktir uku sun taru.

Ranar Alhamis ya zo, ganinmu na ƙarshe ke nan. Ya zauna a benci, ya sha shayi na farko, ya ce na biyu ya gagare shi. Ban taɓa ganinsa a gajiye haka ba. Ya ce aikin ya ishe shi, a da masu taurin kai ake yanke wa, yanzu duk gidan da ya shiga babu ce, kuma kowane mai gida ya san shi da suna. Ya ce na shiga takarda, ya sa ni can ƙarshe, ina da zuwa Laraba.

Da zai hau moto ya juyo ya ce, "Shef, ka tai biro. Kumyarka ba ita za ta sanyaya ma Hajiya allura ba. Ni kuwa ba kullum ni ke nan ba."

Na yi dariya na ce ina za shi, shi da ko hutu ba ya ɗauka.

Ɗazu muka dawo daga maƙabarta. Na duba waɗanda suke rige-rigen kama makara, kusan babu wanda bai taɓa yanke wa wuta ba. Mata masu ƙanƙara sun cika ƙofar gidansa. Ban san wani mai irin aikinsa da za a yi wa haka ba.

A can aka nuna mini wanda zai karɓi takardar, wani bawan Allah da aka turo daga wani gari watan jiya. Mutumin kirki ne ga alama, sai dai bai san me ke cikin firigon kowa ba, bai san ma'anar alamar nan ba. Yau Lahadi. Gobe zai fara daga sama, kamar yadda kowa zai yi. Ni kuwa sunana Abdu, kun san inda nake faɗowa a jerin sunaye.

Na shiga na gaya wa Hajara gobe zan je biro. Sai ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini jika huɗu. Sannan ta ce tun bara take ajiye da su, tana jiran ranar da zan faɗi haka.

Na gaji, jama'a. Na gaji da jiran aike, na gaji da yin kamar ina da shi.

Ƙarfe bakwai zan tsaya a layin. Tsofaffin abokan aiki da ke karanta wannan, na san da yawanku kuna kan takardar, kuma na san abin da ya hana ku zuwa. Ku zo ku same ni. In kuna jin nauyi, ku tsaya a bayana, ni zan fara faɗa.

Malam Ilyasu, ka yafe mini maganganun ranar nan. Na makara da faɗa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sanyaya makwancinka. Allah ya sassauta maka hisabi fiye da yadda ka sassauta mana. Ya ba iyalinka haƙuri, ya rufa musu asiri.

Duk wanda ya kai nan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce.