Ƙofar Masallata

Sana'ata hatsi ce. Na fara da awo a bakin rumfar wani, yau ina da rumfunan kaina da motar da ke ɗauko mini kaya daga ƙauye. Na faɗi wannan ne don a san ba na cikin masu kuka da farashi. Gero in ya yi tsada inda na saro shi, zai yi tsada inda nake sayar da shi, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Shi ya sa ranar da aka ƙara kuɗin shiga kallon ƙwallo a filin unguwarmu ban ce an yi zalunci ba. Abin da ƙarin ya tafi da shi ne yake damuna har yau.

Kulob ɗin namu ƙarami ne, na 'yan unguwa, can bayan Runjin Sambo. Fili ne mai katangar bulo da ƙofar ƙarfe guda ɗaya, sai wata rumfar kwano a ɓangaren yamma. Tikiti iri biyu ake yanka, na inuwa da na rana. Na inuwa ka zauna a benci ƙarƙashin rumfa, na rana ka tsaya a bakin igiya rana tana dukan goshinka. A da, kuɗin na rana bai wuce abin da ɗan kabu-kabu zai karɓa ya kai ka kasuwa ba. Duk da haka akwai waɗanda ba su da shi.

Domin su ne aka yi wata al'ada da na taras, ban kuma san wanda ya fara ta ba. Wasa yana farawa ne daidai lokacin La'asar. Masu tikiti mukan yi sallarmu a gefen fili mu shiga. Idan aka busa usur na hutun rabin lokaci, sai mai gadi ya zare sakata, ya wangale ƙofa, ya ɗaga murya ya ce, "Masallata, bisimilla!" Sai mutanen da ke tsaitsaye a waje su shigo ba tare da an tambaye su ko sisi ba. Wai sun tsaya jam'i ne a masallacin unguwa, shi ya sa suka makara, kuma ba a karɓar cikakken kuɗi a hannun wanda salla ta hana shi ganin rabin wasa. Kowa ya san babu La'asar da ke cinye rabin wasa. Amma ba wanda ya taɓa faɗa. Mutum zai shigo da carbinsa a hannu, kansa a ɗage, a matsa masa a bakin igiya, a ce masa Allah ya karɓa.

Taubashina yana cikin masallatan nan. Ɗan gwaggona ne, ya girme ni da kaɗan, tare muka tashi. Gyaran keke yake yi, kuma a zamanin da kowane ma'aikaci ke hawan keke ya fi ni samu nesa ba kusa ba. Shi ya fara saya mini tikitin kallon ƙwallo. Da babura suka cika gari sai aikin ya ja baya, ya koma facin taya da gyaran kekunan yara. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba, ban kuma taɓa ganin hannunsa a miƙe ba. Kuɗina ɗaya yake ci a shekara, kuɗin shara na watan cika-ciki, wanda al'ada ta ce ɗan namiji ya ba ɗan mace. Wannan kuwa ba roƙa yake ba, ƙwacewa yake. Zai zo har rumfata ya zura hannu a aljihuna, ya ƙirga a gaban mutane, ya ce, "Ku dubi rowar bawan ga nau." Alhali a ƙa'ida shi ne bawan.

Wurin tsayuwarsa a fili sananne ne, kusa da tutar kusurwa, daidai ƙarshen rumfarmu. Da ya shigo zai leƙo ya ce, "Bawana, mi anka yi? An ci ku ko kun ci?"

In ce, "Kai dai limaminku na da nawa."

Ya ce, "Mu salla muka yi, ba tsattsagar kaji ba awa taku."

Daga nan sai ya juya ga fili, kuma daga wannan lokacin 'yan wasanmu suke sanin a gida suke. Mu 'yan inuwa tafi muke yi kamar masu korar ƙuda. Masallata su ne masu ihu, su ne masu zagin alƙali, su suka san sunan uban kowane ɗan wasa. Taubashina ba ya zagi. Magana yake jefa wa golan baƙi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har mutum ya juyo ya bar kallon ƙwallo.

Shekarar da mai ya yi tashin da ya yi, kulob ya shiga uku. Motar da ke kai yara wasan waje ta ninka kuɗinta, ƙwallo ta yi tsada, takalmi kuwa ba a magana. Aka sa ni cikin kwamiti, ba don na san ƙwallo ba, sai don ana ganin ina da abin bayarwa. A zaman farko ma'ajinmu, wani malamin makaranta Kirista da ya daɗe a Sakkwato har bakinsa ya koma namu, ya gaya mana gaskiya cewa abin da ƙofa ke kawowa ba ya kai mu ko Dundaye da ke nan kusa, balle wata ƙaramar hukuma. Aka yarda a ninka tikiti, na inuwa da na rana. Ni ma na ɗaga hannu. Sai shugaban kulob ya kawo magana ta biyu, a daina buɗe ƙofa a hutun rabin lokaci.

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai ɗan kasuwa na. In mutane sun san da marece za ka raba gero kyauta, wa za shi saye da sahe?"

Na ce, "Wanda ka jiran ƙofa ba mai saye na ba. Ko ka ruhe ta, ba shi komawa mai saye."

Ya ce, "Tahi ka duba da idonka. Rabinsu baburansu na nan jingine ga katanga."

Ba ƙarya ya yi ba. Akwai samari masu abin biya da suka mayar da ƙofar masallata hanyar wayo. Da aka rufe, wasunsu sun biya, kuma abin da ake samu ya ɗan ƙaru. Ba zan ɓoye wannan ba don in gyara labarina. Don kada a ce an kori talakawa, kwamiti ya ware 'yan tikiti na kyauta, ya ce duk wanda ba shi da hali ya zo tebur kafin wasa ya faɗa a ba shi. Na san tun a lokacin wanda zai je teburin da wanda ba zai je ba.

Wasan farko bayan haka, aka busa hutu, mai gadi ya zauna a kan kujerarsa yana kallon ƙasa. Ta ramukan ƙofa ana ganin fararen riguna suna jira. Suka jira har aka koma fili, sannan suka watse da kaɗan-kaɗan. Mun ci wasan, amma ana jin ƙarar ƙafa a kan ƙwallo tun daga wancan gefe, abin da ban taɓa ji ba a zagaye na biyu.

Mako na gaba na yanki tikiti biyu na bi ta rumfar taubashina. Na tarar da shi yana murza tayar wani keken yara a cikin ruwa yana neman inda ta huje. Na ce wani abokina ne ya fasa zuwa, kada tikitin ya lalace.

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Abokin ga naka wane na? Mi as sunanai?"

Na miƙa masa tikitin.

Ya ce, "Ka iya ƙaryar awo, ba ka iya wagga ba. Tahi da abinka, bawana. Ni aiki gare ni."

Amma ranar wasa da na fito zan shiga, na hange shi a gindin wata bishiyar dogonyaro da ke bayan katanga, yana zaune a kan tushenta. Daga nan ba a ganin komai sai ƙwallon da aka buga sama. Sauraro yake yi. In ihu ya tashi ya san namu ne, in shiru ya yi yawa ya san an zura mana. Haka ya yi ta yi makonni. Ni ina ciki a inuwa, hankalina yana waje. Mutumin da ya koya mini bambancin ɗan baya da ɗan gaba yana kallon wasa da kunne.

Ni mutum ne da in abu ya dame ni nakan tambayi nawa ne. Na sami shugaba shi kaɗai na ce ya faɗa mini abin da yake ganin kulob na asara in an buɗe ƙofa a hutu. Ya faɗa, na rage, ya ƙara, muka daidaita kamar cinikin buhu. Na ce zan riƙa biya kowane wasa har ƙarshen kakar wasa, a mayar da ƙofar masallata yadda take. Sharaɗina ɗaya, kada kowa ya sani. Mai gadi ya buɗe, ya faɗi abin da ya saba faɗa, shi ke nan. Shugaba ya ce ya ji. Aka baza labari a unguwa cewa kwamiti ya sake shawara.

Ranar ta zo. Tun kafin hutu ina ganin fararen riguna sun taru a bayan ƙofa, sun fi na da yawa. Aka busa usur. Mai gadi ya miƙe da saurin da na daɗe ban ga ya yi ba, ya zare sakata, ya buɗe baki zai yi kira. Na hango taubashina a sahun gaba da carbinsa, ya sa hularsa ta Juma'a.

Sai lasifika ta rigaye shi. Mai sanarwarmu, wanda a wajen fili sanƙira ne na bukukuwa, ya kama sunana ya haɗa da na mahaifina ya ɗaga sama. Ya ce jama'a su shaida, Alhaji ya biya wa duk marasa ƙarfi kuɗin shiga, sadaka fi sabilillahi. Ya ce uban marayu, gatan talakawa, rumbu sha ɗiba. Ya ce waɗanda suka shigo kyauta su juyo rumfa su yi wa Alhaji addu'a. 'Yan inuwa suka miƙe suna tafi, ana kama hannuna.

Mutane suka shigo, da yawa ma. Samarin nan masu babura suka shigo suna ɗaga mini hannu. Taubashina ya riga ya sa ƙafa ɗaya a cikin fili. Ya tsaya, mutane suna ture shi ta ko'ina. Ya ɗago ya dubi rumfa, ban san ko ya gan ni a cikin masu tafi ba. Ya sa carbinsa a aljihu, ya juya, ya ratsa masu shigowa ya fita. Wasu dattawa da na sani suka bi bayansa. Mai gadi yana riƙe da sakata, bai samu ya ce masallata ba.

Bayan wasa na tsare shugaba. Ya ce shi bai ga laifi ba, ba a yin alheri irin wannan a binne shi, kuma in wasu masu kuɗi suka ji ana yabona su ma za su so a yabe su. Nan ma bai yi kuskuren lissafi ba. Kafin kaka ta ƙare wani mai sayar da atamfa ya karɓi wasa biyu, wani mai gidan mai ya karɓi na ƙarshe. Yanzu masu kuɗi har layi suke bi. Kulob ya sami kuɗin mota. Ƙofa tana buɗewa kowane hutu, ana kiran sunan wanda ya biya, kuma yaran unguwa suna ce mata ƙofar sadaka. Waɗanda suka taso yanzu ba su san tana da wani suna ba. Na cika alkawarina na biya har ƙarshe, har da wasannin da aka kira sunan wasu, don ciniki ciniki ne.

Taubashina bai sake zuwa ba, ko gindin dogonyaron. Washegarin abin na je rumfarsa da niyyar in gaya masa yadda muka yi da shugaba. Yana ganina ya ajiye sifana, ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe mini benci da hannun rigarsa.

Ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Allah shi saka da alheri."

Na ce, "Wane Alhaji kuma? Ni na, bawanka."

Ya ce, "A'a, Alhaji. Zamna mana."

Na zauna. Na yi bayanina, ya saurara har ƙarshe, ya ce ya sani, ai niyya aka duba. Muka yi maganar zafi da tsadar taya. Ya raka ni har bakin mota, abin da bai taɓa yi ba.

Da watan cika-ciki ya kama na cika aljihuna na zauna a rumfa ina jiransa. Na ƙi fita ko'ina don kada ya zo ba na nan. Bai zo ba. Da yamma na kai masa kuɗin sharar har gida. Na so ya fizge, ya ƙirga, ya kira maƙwabta su ga rowata. Ya sa hannu biyu ya karɓa, bai duba ko nawa ne ba, ya yi mini addu'a mai tsawo. Na tsaya a zauren gwaggona ina cewa amin.