Tumatirin Mordecai da Giwar Susanna

Duk wanda ya zauna Samaru ya san Baba Mordecai, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai baƙin keke da ke wucewa Bomo da safe, fartanya ɗaure a baya, yana gaida mutane bai kalle su ba, don idonsa na sama yana neman hadari. A gonar gwaji ta jami'a ya yi aiki har ya yi ritaya. Da aka ce ya je ya huta, sai ya je ya kama lambu. Da damina masara, da rani tumatir. Ko a coci aka ce a rufe ido a yi addu'a, shi ruwa yake roƙo, in ruwan ya zo kuma ya koma roƙon rana.

Matarsa Susanna tana da rumfar manja da daddawa a kasuwar Sabon Gari, ran Lahadi kuma ita ke koyar da yara a coci. Ta shekara nawa tana ba su labarin jirgin Nuhu, tana zana musu giwa a allo, yaran suna cewa alade ne aka maƙala wa tiyo. Ba laifinta ba ne, ba ta taɓa ganin giwa ba. Laifin Mordecai ne. Tun yana zuwa zance gidansu ta ce masa tana son ganin giwa, shi kuma da bakin samari ya ce, "Wannan ne damuwarki? Yankari zan kai ki." Aka yi aure, aka haifi Diana, Diana ta yi aure ta haihu, giwa na Bauchi tana jira.

Ba wai ya manta ba. Da rani ya ce ban ruwa, da bazara ya ce sharar gona, da kaka ya ce girbi. Susanna takan ce, "Baban Diana, da ni tumatir ce da tuni ka kai ni Legas."

Sai ido ya fara yi mata gardama. Likita ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa zai rage masa gudu amma ba zai maido abin da ya tafi ba. Gefe da gefe duhu ya fara ci, tsakiya kawai ta rage, kamar mai leƙe ta ƙofar da ake turowa a hankali. Susanna ba ta yi kuka ba. A hanyar gida ta ce, "To, giwa dai babba ce. In an hanzarta, ba za ta ɓace mini ba."

Maganar ta zauna wa Mordecai a ƙirji. Ya zauna ya zaɓi lokaci, irin zaɓen manomi. Watan Agusta: an gama huɗa, girbi bai zo ba, gona ba ta neman kowa. Ga daji kore shar, dabba ta ci ta ƙoshi, ta yi kyan gani. Wa zai kai matarsa kallon ramammiyar giwa? Ya yaba wa kansa ƙwarai da wannan dabara.

Suka bi ta Jos a motar mijin Diana, marka na binsu har Bauchi. A Yankari aka zagaya da su daji, suka ga ciyawa. Ciyawa hagu, ciyawa dama, gamba ta fi motar tsayi. Birai ne kaɗai suka fito, su ma ba don a kalle su ba, ɗaya ya fizge ledar dafaffiyar gyaɗa daga hannun Mordecai ya hau bishiya.

Mai rakiyarsu ya ce, "Baba, ai yanzu ruwa ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa inda mutum yake. Ku dawo da rani, wajen Fabrairu ko Maris. Ciyawa ta kwanta, tafkuna sun ƙafe, kowa sai ya gangaro kogin Gaji ya sha."

"Maris?" in ji Mordecai. Maris ne tsakiyar tsinkar tumatir.

Susanna ta ce, "Na gode, Baban Diana. Ciyawar Bauchi ta fi ta Bomo tsayi, na gani da idona."

Rani ya shigo, tumatir ya yi abin da bai taɓa yi ba, reshe har ƙasa. Idon Susanna kuma ya ƙara tsukewa, ta fara zuba manja gefen kwalba. Ba ta sake ambaton giwa ba, kuma wannan shirun ya fi gori ciwo. Mordecai ya san in ya ce sai baɗi, wataƙila baɗin a kai ta gaban giwa ta tambaya ina take.

Lambunsa na jikin na Malam Jafaru. Tun suna da baƙin gashi suke raba ruwan rafi ɗaya, suna musu a kan iri da taki, kowa na ganin ɗan'uwansa bai iya noma ba. Mordecai bai taɓa barin wani ya taɓa masa injin ban ruwa ba, balle Jafaru. Ran nan ya tsallaka kunya ya same shi yana ɗaure kwando.

"Malam Jafaru, zan yi 'yar tafiya."

"Kai? Wa ya mutu?"

"Maman Diana zan kai ta ga giwa."

"Ba ka kai ta ba da damina? Na ji har biri ya karɓi kuɗin shiga."

"Ka bar wannan. Lambun zan bar maka."

Jafaru ya ajiye igiya ya dube shi sama da ƙasa. "Ashe tumatirin nan zai ga manomi kafin ya ruɓe. Je ka, Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida Madam."

"Kada ka cika masa ruwa."

"Ka tafi, ko in fasa."

Yankarin Maris wata duniya ce. Zafi kamar bakin murhu, daji ya yi fili, ana hango nesa. Suka ga ɓauna, suka ga gwanki, gadu ya gifta da wutsiya a tsaye. Mordecai na nunawa, kafin Susanna ta juyo da ɗan abin da ya rage mata na gani, dabba ta shige. Ranar farko babu giwa. Ya kasa cin abinci, kuma karon farko a rayuwarsa ba tumatir ne ya hana shi ba.

Washegari da la'asar, kusa da kogi, direba ya kashe mota. Mai rakiya ya ɗaga hannu a yi shiru. Mordecai ya kama kan matarsa da hannu biyu, kamar mai saita tulu, ya juya shi a hankali.

"Dutse nake gani," in ji ta ƙasa-ƙasa.

Dutsen ya kaɗa kunne.

Uwa ce da ɗanta, wasu na biye. Ba su yi sauri ba, giwa ba ta da wanda take gudu. Susanna ta bi ta da kallo gaɓa-gaɓa, tunda ba ta shiga idon gaba ɗaya: kunne tukuna, sai haure, sai hanci yana zuƙar ruwa yana kaiwa baki, sai ƙafafun nan kamar turame. Ta daɗe a kan ɗan, wanda ya shiga taɓo ya kasa fita sai da uwar ta turo shi.

Mordecai kuwa, da ya ga buƙata ta biya, idonsa ya sauka ƙasa, kan tulin abin da giwayen suka bari a hanya. Ya matso kusa da mai rakiya.

"Ɗana, wannan takin, haka ake barinsa a banza?"

Susanna ba ta ko juyo ba. Ta lalubo gwiwarsa ta dafa.

"Baban Diana, rufe mana baki. Ina kallo."