Tuwon da Eluby Ta Kai wa Ƙaninta

Shekara talatin Eluby Kachingwe ta yi tana tuƙa tuwon masara a gidajen makoki na ƙauyensu, a bakin tafkin Malawi. Ba ta yi boko ba, amma ta san mai jin yunwa abinci ake ba shi. Har ta kai sittin ba wanda ya musa mata.

Sai aka kawo ƙaninta Lyson daga sansanin masunta, wata biyu yana ciwo ba ya cin komai, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Aka kwantar da shi a asibiti, ita kuma ta kafa murhu a rumfar masu jinya.

Sista Tamandani, mai kula da ɗakin, ta miƙo ɗan kofi. "Mama, madarar nan kawai, duk awa uku, da ƙwayoyin nan. Ban da tuwo."

"'Yata, me ke damunsa?"

"Yunwa."

"To."

Eluby ta juya maganar ta ko'ina, ba ta ga kanta ba. Ta yanke cewa asibitin ne ba shi da abinci, kunya ta hana su faɗa. Don ta rufa musu asiri, kullum da rana takan shigo da malmala biyu da busasshen kifi a cikin zani.

"Yaya, ke kaɗai ce likita a nan," in ji Lyson, yana lashe yatsa.

Rana ta uku ƙafafunsa suka kumbura. Eluby ta sanar da matan rumfa cewa ƙiba ta fara daga ƙasa. Kafin la'asar numfashi ya gagare shi, yana kiranta da sunan uwarsu.

Sista ta danna ƙafar, yatsa ya bar rami. "Mama, me ya ci?"

"Ɗan abin taɓawa."

"Malmala nawa ne abin taɓawar?"

Aka ɗebi jini, aka sa masa ƙarin ruwa. Sista ta ce jikin da ya daɗe da yunwa, in abinci ya faɗo masa da yawa, sai ya zuƙe sinadaran da ke cikin jini, zuciya ta rasa abin aiki.

"Wato yunwa ta bar shi, tuwona ne zai kashe shi?"

"Saura kaɗan ya kashe shi."

Bayan kwana biyu Lyson ya dawo hayyacinsa, ya nemi tuwo. Eluby dai har yau ba ta gane ba. Amma ta miƙa masa kofin madarar, ta zauna a kan kwanon tuwon, ya yi mako guda yana zaginta da muryar da kullum ƙara ƙarfi take.