Ƙugiya Ɗaya a Allon Motar Abban Husna

Shekara shida ke nan cif da muka kai Abban Husna makwancinsa, amma har yau in na ji wani abu yana ƙara ɗin-ɗin-ɗin, ko da agogon tashi ne, sai gabana ya yanke ya faɗi. Mijina ne, injiniya a wata ma'aikatar tarayya, ɗan Zariya, kuma a Lugbe, nan Abuja, muka zauna da 'yarmu ɗaya. Abokan aikinsa za su tuna mutum mai sanyin magana da tsantseni. Ni da na yi shekara goma sha huɗu da shi, zan ƙara da cewa yana da taurin kai na fitar hankali a kan ƙananan abubuwa. A kan ɗaya daga cikinsu nake so in yi magana yau, don ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarsa.

Motarmu tsohuwa ce, ta ga duniya tun kafin ta zo hannunmu. Allurar zafin inji ta mutu, ta fetur kuma ta maƙale a ƙasa ko da an cika tanki. Wani mijin sai ya sayi wasu allurai a sa masa, a huta. Nawa ya ce shi da hannunsa zai haɗa allon lantarki da zai riƙa faɗa masa lafiyar mota. Wata uku teburin cin abincina yana cike da wayoyi ja da baƙi da 'yan ƙusoshi, falo kuma yana warin dalmar da yake liƙe waya da ita. Asabar sai ya tafi Karmo wurin abokinsa Oga Sunday, rewaya mai gyaran wutar mota, su shiga ƙarƙashinta suna ɗaura abubuwan auna zafi da caji. Oga Sunday yakan ce min, "Madam, wannan mijinka, kansa akwai wuta fa."

Allon bai fi akwatin ashana biyu ba, yana haske kore a gefen sitiyari. Kalmomi uku ne a kansa, kowace da lamba a gabanta: ZAFI, BATIR, MAI. Da Hausa ya rubuta. Na tsokane shi na ce injiniya guda ya rasa Turanci? Ya ce, "Mota tawa, allo nawa, me zai sa ya yi min Turanci?"

Ranar da ya gama, ina tsakiyar duba takardun jarrabawar ɗalibaina ya ja ni waje. Ya yi bayani mai tsawo, hankalina yana kan jan biro. Abin da na riƙe shi ne ƙarshen: "Binta, in ya yi ƙara, ki tsaya ki kashe mota. Kada ki ƙara ko taku ɗaya." Na ce, "To, Injiniya, an ji." Wallahi ban ji ba. Fetur ma ba ruwana da shi, shi ke sha duk Juma'a, ni dai in shiga in ja.

Wata Asabar bayan la'asar, Husna tana Karu wurin gwaggonta, ya shigo falo dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya ce hannunsa na hagu ya yi nauyi. Ban tsaya neman kowa ba. Na riƙe shi muka fita, na kwantar masa da kujerar gaba, na ja mota ko ƙofar gida ban rufe ba.

Muka hau babban titin filin jirgi, muka miƙa cikin gari. Ina gudu irin wanda ban taɓa yi ba, ina waiwayarsa, ina cewa, "Abban Husna, yi salati, mun kusa." Ba mu kusa ba. Idonsa a rufe, numfashinsa sama-sama. Can sai ƙarar ta fara, ɗin-ɗin-ɗin, kalma ɗaya tana walƙiya a allon: MAI. Lambar da ke gabanta tana sauka. Na dubi allurar fetur, tana ƙasa inda ta saba. Innalillahi! Mai ya ƙare. Abin da ya zo min ke nan, kuma ku faɗa min wace Bahaushiya ce za ta ga "mai" a mota ta yi tunanin wani abu dabam? Na hango mu a tsaye a tsakiyar titi, motoci suna wucewa fiu-fiu, shi yana mutuwa a gefena. Da na ga gidan mai a dama, na karya kan mota.

Akwai layi. Na shiga ta hanyar fita, aka yi min ca, hon ta ko'ina, wani direba ya leƙo yana zagina. Na fito ba mayafi ina ihu, "Mara lafiya gare ni! Don Allah ku taimaka!" Wani dattijo ya ja baya ya ba ni wuri, sai da aka yi ta gyara motoci kafin in kai bakin famfo. Mai ba da man ta zura tiyo, ko minti ɗaya ba a yi ba ya yi ƙas ya tsaya. Ta ce, "Hajiya, tankinki a cike yake ai."

Na koma na kunna mota, ƙarar ta ci gaba. A nan ya buɗe ido, ya dubi allon, ya dube ni. Da ƙyar maganar ta fito. "Ba wannan man ba, Binta. Baƙin mai ne." Na ce to in kashe? Ai shi ya ce in ya yi ƙara a tsaya. Ya girgiza kai. "Tafi. Bar injin ya buga."

Fita ma sai da ta zama aiki, don motoci sun toshe ni gaba da baya. Na ƙiyasta na yi asarar kwata na awa a wurin nan. Muka koma titi, allon yana ƙara, injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi, warin ƙuna yana shigowa. Duk danjar da muka iso addu'ata ɗaya, Allah ka riƙe injin nan, Allah ka riƙe bawan nan. A ƙofar asibiti motar ta yi tari ta mutu murus. Masu gadi ne suka ɗauke shi suka yi ciki da gudu.

Washegari da hantsi Abban Husna ya cika. Na tare likitan na tambaye shi kai tsaye, da na iso da wuri da kwata na awa, da ya tashi? Ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ce, "Hajiya, kwana ne ya ƙare." Na yarda da ƙaddara, amma shirun nan na ji shi, kuma shi na kwasa na tafi da shi gida. 'Yan ta'aziyya suna yaba min wai na yi jarumta, ni kuwa ina kallon kaina a matsayin wadda ta kai mijinta gidan mai yana ciwon zuciya.

Sai da aka shekara biyu na iya buɗe akwatin kayan aikinsa. A ƙarƙashin wayoyi na tarar da littafi mai gida-gida, irin na lissafi. Shafi bayan shafi harafi ɗaya yake zanawa da ɗigo-ɗigo, babban Ƙ mai ƙugiya, gida biyar a kwance, takwas a tsaye. Ya zana ya soke, ya zana ya soke, har sau goma sha ɗaya. A gefe ya rubuta: "Allon bai san Ƙ ba, sai an zana masa. In na sa BAKIN MAI, ya zama bakin da ake ɗura mai. Na bar MAI tukuna. A gyara kafin Binta ta zaci fetur ne."

Ban yi kuka ba a lokacin, haushi ne ya turnuƙe ni. Ashe ka sani, Abban Husna! Ka san zan ruɗe, ka hango shi sarai, amma ka ƙi rubuta K mara ƙugiya na kwana biyu, don kada a ce ka ɓata Hausa. Wa zai ce? Ni da ke rubuta saƙon waya ba ƙugiya ko ɗaya, kana gyara min? Na yi ta faɗa da littafi ni kaɗai a ɗaki har muryata ta dushe. Bayan nan ne kukan ya zo, kuma ranar ce ta farko da nauyin ya ragu a ƙirjina, don na gane ba ni kaɗai na ɗauko shi ba.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Motocin da ke yawo a Abuja allo ne tun daga sitiyari har ƙofa, suna magana da Turanci da murya mai zaƙi, ba mai iya buɗe su sai da kwamfuta. Na san zai taɓe baki ya ce mota ta fi mai ita wayo. Zai ji daɗi cewa wayar kowa yanzu tana da ƙugiya, sannan ya ɓata rai don mutane sun ƙi taɓa ta. Husna ta shiga jami'a, kuma gado ba ƙarya ba, ita ke gyara min rubutu.

Ban san ko kwata na awar nan ne ya raba mu ba, kuma na daina sa ran sani. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe min. Abin da na yi shi ne na ɗauki allon da littafin na kai wa Oga Sunday, na nuna masa zane na goma sha ɗaya, wanda aka soke. Ya bi bayanin da ke littafin, ya ɗaura min allon a motar da nake ja yanzu. Da ya gama sai ya juya baya yana goge ido da hannun riga, ya ce, "Madam, oga ba zai yarda da wannan ba fa."

Gaskiyarsa. Kullum da safe in na murɗa makulli, kalmomin suna haskawa ɗaya bayan ɗaya: ZAFI, BATIR, BAƘIN MAI. Ƙugiyar ta ɗan karkace, na san da yana nan cewa zai yi a sake. Ban sake ba, Abban Husna. Ana karantawa, kuma ya isa.