Zanen da 'yan sa-kai suka riƙe

Jiya 'yan sa-kai suka tare ni a hanyar Damari, ina riƙe da zanen da na yi da fenti bayan na zaga bakin daji. Babu bishiya a ciki, babu gida, sai kore da ja a cakuɗe.

Shugabansu ya jujjuya shi, ya ɗora yatsa kan jan. "Malam, wannan hanyar ina ta ɓulla? Wa za ka kai wa taswira?"

Na ce, "Baba, ba hanya ba ce. Ƙasar gonarmu ce, yadda nake tuna ta tun da 'yan bindiga suka hana mu noma."

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Tawa ma ja ce." Amma bai mayar mini da zanen ba.

Ni dai na kasa ganin laifinsa. Ku fa?